A Wuyana

Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru, don in na tsallake wani wuri ba za a gane ta inda ɓarnar ta shiga ba.

Yayana fatoma ne a kasuwar bisashe ta Gure. Aikin ya gada daga mahaifinmu. Fatoma shi ne wanda makiyayi ke sauka gidansa in ya koro dabba daga daji. Zai ba shi ruwa da tabarma, ya ɗaure dabbar a turkensa, ranar kasuwa ya sayar masa. Amma babban aikin yana gaba. Mai saye bai san makiyayin ba, bai san ko raƙumin nan na halak ne ko kwanto shi aka yi daga rugar wani ba. Saboda haka kafin a sallama sai ya tambaya, "Wa ya tsaya?" A nan fatoma ke magana. In daga baya dabbar ta zama ta sata, shi za a riƙe, baƙo kuwa ya riga ya koma daji.

Mahaifinmu ba ya rantsuwa a kan dabba, mu ma ya hana mu. Abin da yake yi, sai ya ɗora tafin hannunsa na dama a gefen wuya, ya dubi mai saye ido cikin ido, ya ce, "A wuyana." Daga nan ba a ƙara tambaya. Ba kowace dabba yake faɗa wa haka ba. Na sha ganin ya dubi shaidar da ke cinyar raƙumi, ya dubi wanda ya kawo shi, ya ce a je a nemi wani turken. Da ya rasu, Yaya ya gaji zauren da turken, ya gaji kalmar da hannun tare. Daga Gidigir har Alakos an san gidanmu da ita.

Ni ban shiga aikin ba. Na yi lakkol har aji shida, daga nan na koma lambunmu da ke kwari, wajen dabino da rogo. Don wannan ɗan karatun Yaya ke kirana Mushe, wai malamin makaranta. Halinmu ba ɗaya ba ne. Ni ina son kowane abu a wurinsa. Shi mutum ne mai raha, yana iya kwaikwayon tafiyar kowa a garin, har matan gida su yi ta dariya suna toshe baki.

A shekarun da kaset ɗin bidiyo ya cika gari, wasu samari suka zo daga Damagaram da kamara ɗaya, wai za su yi fim na ɓarayin raƙuma. Tuddan rairayinmu suke so, da raƙuma na aro. Aka nuna musu zaurenmu, don an san ba a korar baƙo a can. Sun zo da wanda zai fito a babban ɓarawon, wani dogon saurayi mai tabarau. Da aka ɗora shi, raƙumin ya tashi da ƙafafun baya kamar yadda kowane raƙumi ke tashi, shi kuwa bai sani ba, ya zubo ta gaba ya gurɗe a hannu. Yaya ya yi dariya har da zama a ƙasa. Sannan ya tashi ya karɓi akala, ya nuna musu yadda ɓarawo ke durƙusar da raƙumi ba tare da ya yi kuka ba.

Shugaban samarin ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Maigida, ai kai muke nema tun daga Damagaram."

Ba a shawarce ni ba. Ko da an shawarce ni, ban san me zan ce ba, don a lokacin ni ma wasa na ɗauke shi.

Sai in faɗi yadda fim ɗin yake, don na kalle shi fiye da yadda nake so. Ba fim ne mai kyau ba. Bindigar katako ce aka shafa mata baƙin tukunya. Wandon jandarman, wato ɗan sandan fim ɗin, bai kai masa idon sawu ba. Iska tana cinye rabin maganar. Raƙumin da aka sata fari ne, da aka iso kasuwa ya koma ja, don mai farin ya zo ya karɓi abinsa. A wani wuri ana ganin wanda aka kashe yana korar ƙuda daga hancinsa. Labarin kuma ɗan kaɗan ne: ɓarawo ya kwance raƙuma a ruga, ya sake musu shaida da ƙarfe mai zafi, ya sayar, ya kashe abokin satarsa a kan rabo, a ƙarshe jandarmomi suka kama shi.

Abu guda ne a cikinsa ba na wasa ba, shi ne Yaya. Sauran ɓarayin suna zare ido suna ihu. Shi bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya je rugar da zai yi wa sata ya yi sallama, ya tambayi lafiyar yara da tsofaffi, ya sha nono ya yi godiya, duk wannan lokacin idonsa na kan ƙafafun raƙuman. Bayan ya kashe abokinsa, sai ya tsugunna ya tattara takalman mamacin ya jera su wuri ɗaya, kamar mai shi zai tashi ya saka. Ba wanda ya ce ya yi haka.

Sai wurin ciniki. Samarin ba su rubuta magana ba, ba su ma san yadda ake cinikin raƙumi ba. Shugabansu ya ce, "Maigida, yi yadda ka saba." Wanda aka sa ya fito a mai saye mahauci ne na kasuwarmu, shi ma ya yi yadda ya saba. Ya zagaya raƙumin, ya duba haƙora, aka taya aka yi albarka, aka daidaita. Sai ya ce, "Wa ya tsaya?" Hannun Yaya ya tashi da kansa. Ya ɗora tafin a gefen wuya, ya dubi mahaucin ido cikin ido, ya ce, "A wuyana." Kamara tana dab da fuskarsa. Fuskar tsaf take, fuskar mahaifinmu ce sak. Da mahaucin ya juya baya, sai gefen bakin Yaya ya ɗan motsa, bai ma kai murmushi ba.

An fara nuna fim ɗin a gidan kallon da ke bayan tasha, bayan la'asar, ranar kasuwa. Wurin zana ce aka kewaye, da tele ɗaya a kan tebur da injin wuta yana ruri a waje. Makiyaya sun cika shi, don labari ya kai musu cewa fatomansu ya shiga tele. Yaya ya matsa mini sai na je. Aka yi ta dariya ana kiran sunayen raƙuma da masu su. Da aka zo wurin ciniki, sai wurin ya yi tsit. Yaya na cikin tele ya faɗi kalmar. Gefen bakinsa ya motsa. Sai wani daga baya ya ce, "La ilaha illallahu, haka yake ce mini!" Gidan ya ɗauka da dariya gaba ɗaya. Yaya ma yana dariya, ana bubbuga kafaɗarsa. Ni ban yi ba. Ban san dalili ba a lokacin.

Akwai wani tsohon Bafillace daga wajen Alakos da ke sauka gidanmu tun zamanin mahaifinmu. Uwarmu Babarbariya ce, don haka akwai wasa tsakaninmu da Fulani, kowa ya faɗa wa kowa abin da ya ga dama, ba a fushi. Kasuwar da ta biyo, ina wajen turken, na kawo wa gida rogo, tsohon ya iso da bajimi.

Ya ce, "Kai Babarbare, ashe shekara da shekaru a gidan ɓarawo nake kwana?"

Yaya ya ce, "Me za a sata a wurinka, Bafillace? Sandar ko ƙwaryar?"

"Bari in ƙirga takalmana tukuna. Na ga yadda kake jera na mutane."

Aka yi dariya. Wannan ba komai ba ne. Mai saye ya zo, wani falke mai kai shanu kudu, aka yi ciniki aka daidaita. Ya ce, "Wa ya tsaya?" Yaya ya ɗora hannu ya faɗa. Falken ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa, ya kasa. Yaran turke suka fashe. Wani ya ce, "Juya baya mu ga bakinsa!" Falken ya share hawaye ya ce, "Yi haƙuri, Fatoma, wallahi ba da gangan ba ne." Ya biya ya ja bajiminsa. Amma kafin ya ja, na ga ya waiwaya ya tambayi dillalin turken da ke kusa da namu, ƙasa-ƙasa, ko ya san Bafillacen nan. Ba a taɓa yi wa gidanmu haka ba.

Daga nan abin ya tafi a hankali. Ba wanda ya ce Yaya ɓarawo ne. Ana gaishe shi fiye da da. In ya shiga kasuwa ana ɗora hannu a wuya daga nesa ana kiransa. Sai dai masu saye sun fara neman wani ya ƙara tsayawa bayan shi, makiyayi kuwa ba ya son ciniki mai tsawo, yana so ya sayi gero da kanwa ya kama hanya da rana. Ɗaya bayan ɗaya suka fara ɗaure dabbobinsu a wasu turaku. Wasu suna zuwa zaure su sha ruwa su yi hira, dabbar tana gidan wani.

Yaya ya gwada sake kalmar. Ya ce, "Na tsaya." Aka ce masa, "A'a, Fatoma, faɗi ta fim ɗin." Ya gwada barin hannunsa a aljihu, aka ce ya ɓoye wuyan ne. Wata rana wani ya ce in gaskiya ne ya rantse da Alƙur'ani. Ya dubi mutumin ya ce mahaifinsa bai yi ba. Ya dawo gida bai ci tuwo ba.

Ni na ɗauka abu ne da za a iya gyarawa in an bi shi ta hanyarsa. Na fara da sarkin dillalai. Na same shi a rumfarsa, na gaishe shi, na ce ina so ya tara mutane ya shaida musu cewa wasa ne.

Ya ce, "Mushe, wa ya ce ba wasa ba ne? Kawo mini shi yanzu in ci masa mutunci."

Na ce ba wanda ya ce.

Ya ce, "To me zan tara su in faɗa musu? Abin da suka sani?"

Na biyu na je wurin liman. Ya saurare ni har na gama. Ya ce a kan ƙazafi akwai hukunci, amma a nan wa ya yi ƙazafin? Ya yi mana addu'a, ya ce a yi haƙuri, zai wuce. Da zan fita na ji almajiransa manya biyu a soro, ɗaya ya ɗora hannu a wuya, da suka gan ni suka sunkuyar da kai.

Na uku na hau mota zuwa Damagaram neman samarin. Ƙungiyar ta watse. Na sami shugaban nasu yana gyaran rediyo a wata rumfa. Ya karɓe ni da murna, ya aika a kawo mini shayi, ya ce a duk abin da suka yi ba wanda ya kai Maigida, da yana birni da ya yi suna. Na ce ina so a janye kaset ɗin. Ya dube ni da tausayi. Ya ce su kansu ba su san inda ya kai ba, kowane mai rumfa yana kwafa daga na wani, ya ji an gan shi har Diffa. Ya ce in ina so zai ba ni uwar kaset ɗin in ƙona. Na karɓa na kawo gida, na sa a murhu. Washegari ana nuna shi a bayan tasha.

Wanda ya gaya mini gaskiyar abin shi ne tsohon Bafillacen. Shi ne na ƙarshe da ya bar turkenmu, kuma bai tafi a ɓoye ba. Ya zo zaure da hantsi, Yaya ba ya nan, ya same ni. Na ce masa, "Baffa, kai ma? Kai da ka san mahaifinmu?"

Bai yi mini wasa ba ranar. Ya ce, "Ɗana, na san yayanka bai taɓa satar ko igiya ba. In an ce in mutu a kan haka zan mutu. Amma ka saurara. Da can in ya ɗora hannu ya faɗi kalmar nan, ina duba fuskarsa in ce mai ƙarya ba zai iya wannan fuskar ba. Yanzu na ga ya faɗe ta a kan ƙarya, kuma fuskar ita ce dai. Ba ta ragu da komai ba. To in ni da na san shi ina wannan tunanin, falken da ya zo daga kudu fa?"

Na ce, "Ai wasa ne, Baffa."

Ya ce, "Na sani. Da bai iya ba, da ba komai."

Ya tashi ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Yaya ya koma lambu tare da ni. Ba ya son aikin, hannunsa bai saba da guga ba, amma bai yi ƙorafi ba. Turakun suna nan a ƙofar gida, kaji na hawa. Ni kuwa na sa rai ga lokaci. Na ce kaset ba ya daɗewa a ƙasarmu, rairayi yana cinye shi. Haka kuwa aka yi, kaset ya mutu, gidan kallon ya zama wurin sayar da fetur. Sai ga shi wani ya juye fim ɗin a faifan sede. Sede ma ya wuce, na ce to yanzu an gama. Sai salula ta zo. A salula ba a ma ɗauki fim ɗin duka ba. An yanke wurin cinikin kaɗai, daga tambayar mahauci zuwa motsin bakin, ana tura wa juna. In wani ya yi wa abokinsa alkawarin da ba zai cika ba, sai a aika masa da shi. Samarin da ke turawa ba a haife su ba lokacin da aka ɗauka. Yawancinsu ba su san tsohon da ke wucewa da kwandon dabino shi ne ba.

Bara, bayan kaka, wani mutum ya yi sallama a zaurenmu riƙe da akalar raƙumi. Daga can arewacin Alakos ya fito, inda ko waya ba ta kamawa. Ya ce mahaifinsa kafin ya rasu ya gaya masa in ya zo Gure kada ya sauka ko'ina sai gidan masu cewa a wuyana. Yaya ya tsufa, gwiwa ta hana shi sakat, amma ya tashi da kansa ya ɗebo ruwa. Ya zagaya raƙumin, ya duba shaidar, ya kira sunan zuriyar masu ita. Baƙon ya ce haka ne.

Ranar kasuwa ya sa babbar rigar mahaifinmu. Na ce, "Yaya, bari in kira wani daga cikin dillalai ya tsaya tare da kai."

Ya ce, "Mushe, gidanmu aka aiko shi ko gidan wani?"

Na bi shi. Mai sayen baƙo ne shi ma, daga kudu. Aka taya, Yaya ya ce albarka, aka ƙara, muryarsa tana dawowa kamar ta da. Aka daidaita. Mutumin ya ce, "Wa ya tsaya?" Yaya ya ɗora hannu, ya dube shi ya ce, "A wuyana." Mutumin ya gyaɗa kai. Ba wanda ya yi dariya.

Sai wani saurayi mai lodin dabbobi da ke tsaye a gefe ya ce, "Kai! Tsaya, tsaya. Wallahi shi ne!" Ba mugunta yake nufi ba, murna yake yi. Ya zaro salula ya danna ya ɗaga. Muryar Yaya ta ƙuruciya ta fito, ta faɗi kalmar. Mutane suka taru suna leƙe, suna duban wayar suna duban tsohon. Saurayin yana cewa, "Baba, ashe kana raye! Don Allah sake faɗa in ɗauka."

Mai raƙumin bai taɓa ganin fim ba. Ya karɓi wayar ya kalla har wurin da bakin ya motsa. Ya tambaya, "Raƙumin nan na waye?" Aka ce na sata ne, amma a fim. Na matsa ina yi masa bayani bi da bi, cewa samari ne suka zo, cewa raƙumin aro ne, cewa bindigar ma katako ce. Yana saurare da ladabi yana cewa to, to. Mai saye ya ce shi bai fasa ba, amma a kira wani dillali ya ƙara tsayawa, don hankalinsa ya kwanta. Aka kira. Mai raƙumin ya kwance akalar daga hannun Yaya a hankali, ya miƙa wa wancan. Da yamma ya aiko a karɓar masa buhunsa daga zaure.

Da aka gama cinikin muka kamo hanyar gida. Yaya yana tafiya yana hutawa, rigar tana jan ƙasa. Da muka zo gindin wata adduwa ya tsaya ya dafa ta. Na ɗauka zai ce a tumɓuke turakun.

Ya ce, "Mushe, kai ba ka ƙarya. Tunda aka yi fim ɗin nan ban taɓa tambayarka ba. Na iya?"

Na so in ce masa ban sani ba. Na dubi wuyansa, duk jijiya.

Na ce, "Ka iya, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya tattare rigar, muka ci gaba da tafiya.